Katangar Detroit: yadda aka gina talaucin baƙaƙen fata a biranen Amurka

A arewacin birnin Detroit na jihar Michigan, kusa da titin da ake kira Eight Mile, akwai wata katangar kankare da ta ratsa ta bayan gidajen mutane. Tsayinta ƙafa 6, kaurinta ƙafa 1, tsawonta kusan rabin mil. Ba ta hana ɓarawo shiga, domin duk inda ta ci karo da titi sai ta yanke ta bar hanya, ta ci gaba a tsallake. A 1941 aka gina ta. Wani mai harkar gine-gine ne ya so kafa sabuwar unguwar fararen fata a wurin, ya nemi hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, wato FHA, ta tsaya wa masu sayen gidajensa a banki. Hukumar ta ƙi, saboda filin ya yi maƙwabtaka da wata tsohuwar unguwar baƙaƙen fata. Sai ya ja wannan katanga a tsakani. Da aka gama, hukumar ta amince. Mutanen wannan ɓangare suka samu bashin sayen gida mai sauƙi da goyon bayan gwamnati, na wancan ɓangare kuwa ko na gyaran rufi ba su samu ba.

Duk mai son gane dalilin da ya sa talauci a manyan biranen Amurka yake da launi, gara ya fara daga nan. Mutane da yawa idan suka ga hotunan unguwannin kudancin Chicago ko yammacin Baltimore, ga kangaye, ga shaguna a rufe, ga matasa na zaman kashe wando a bakin titi, sai su ce ai ragowar bauta ce, ko kuma su ce lalaci ne. Bauta tana da nata kason, babu musu, amma an soke ta tun 1865. Abin da ya tsara waɗannan unguwanni yadda suke a yau ya fi haka kusa. A ƙarni na 20 aka yi shi, da takarda da tambarin hukuma, kuma akwai tsofaffi da ransu da suka ga lokacin da idonsu.

Sai an fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: abin da mutum ke samu da abin da ya mallaka. Albashi shi ne ruwan da ke zuba a tulu kowane wata, dukiya kuwa ita ce abin da ya kwanta a tulun bayan an sha. A wajen albashi, iyalin baƙar fata na tsaka-tsaki yana samun kusan kashi 60 cikin 100 na abin da takwaransa farar fata ke samu. Giɓi ne babba, amma bai kai na dukiya ba. Binciken da babban bankin Amurka ya yi a 2022 ya nuna iyalin farar fata na tsaka-tsaki ya mallaki kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa kimanin dala 44,900. Ninki shida ke nan da ɗoriya. Kuma ga talaka da mai matsakaicin ƙarfi a Amurka, kusan duk dukiyar nan gida ne. Da gida ake jingina a ci bashin kai yaro jami'a, da shi ake samun jarin buɗe shago, shi ake faɗawa kai idan aiki ya ƙare ko ciwo ya zo, shi ne kuma gadon da ake bar wa 'ya'ya. A yau kusan kashi 74 na fararen fata suna zaune a gidan kansu, baƙaƙe kuwa kusan kashi 45. Wannan tazara ta maki 30 ba ta ragu ba daga yadda take a 1960, lokacin da doka ba ta ma hana nuna wariya wajen sayar da gida ba.

To yaya aka yi?

Daga wajajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar jihohin kudu, irin su Mississippi da Alabama da Georgia, suka nufi biranen arewa da yamma. Gudun wulaƙanci suke yi, da dokokin wariya, da kisan gilla, da noman auduga na rabon amfani wanda bashinsa ba ya ƙarewa. A arewa akwai aiki: masana'antun mota a Detroit, mahauta da masana'antun ƙarfe a Chicago, ƙarfe a Pittsburgh. Aikin ya samu, wurin kwana ne ya zama bala'i. A cikin takardar mallakar gidaje da yawa an rubuta sharaɗi ƙarara cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga wanda ba farar fata ba. Wanda ya yi taurin kai ya tare a unguwar da ba a so shi, sai a yi masa ruwan duwatsu ko a jefa masa bam a ƙofar gida. Haka aka cusa dubban mutane cikin 'yan tsirarun unguwanni, masu gidaje suka rarraba ɗaki ɗaya gida biyu ko uku, haya kuma ta fi ta unguwar fararen tsada, tunda mai hayar ba shi da inda zai je.

Sai gwamnatin tarayya ta shigo. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1929, gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC a 1933 don ceto masu gidajen da bankuna ke shirin ƙwacewa, sannan FHA a 1934. Hukumar farko ta zana taswirar birane fiye da 200, ta raba unguwanni aji huɗu: kore ga mafi kyau, sai shuɗi, sai rawaya, sai ja ga unguwar da aka ce haɗari ce a zuba kuɗi a cikinta. Kusan duk inda baƙaƙe suke, ko da likitoci da lauyoyi ne a ciki, ja aka shafa masa. Daga nan aka samo kalmar da Amurkawa ke amfani da ita har yau, wato shata jan layi. Masana tarihi suna jayayya kan ko waɗannan taswirori su kansu ne suka yi ɓarnar, domin HOLC ta ba baƙaƙe rance a wasu jajayen unguwannin. Inda babu jayayya shi ne FHA. Ita ce ta mayar da sayen gida abin da ma'aikaci zai iya: ka biya ɗan kafin alƙalami, sauran ka biya a hankali cikin shekara 20 zuwa 30, gwamnati ta tsaya wa banki idan ka gaza. Kuma littafin ƙa'idojinta ya fito fili ya ce kada a tsaya wa unguwar da jinsuna suka cakuɗu.

Dubi Levittown, a wajen birnin New York. Daga 1947 zuwa 1951 aka gina gidaje fiye da 17,000 a wurin, kowanne a kan kimanin dala 8,000, galibi don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu. A takardar an rubuta cewa farar fata kaɗai zai zauna, sai dai in ɗan aiki ne. Baƙaƙe fiye da miliyan ɗaya sun sa kaki a yaƙin nan, kuma dokar tallafa wa tsoffin sojoji ta 1944 ba ta ambaci launi ba, amma an bar aiwatarwa a hannun bankuna da jami'an yanki. A Mississippi, cikin rance 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsoffin sojoji a 1947, biyu ne kacal suka je hannun baƙaƙe. Gidajen Levittown ɗin nan yanzu ana sayar da kowanne a kan ɗaruruwan dubban daloli. Jikan wanda aka bari ya saya ya gaji wannan riba ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Jikan wanda aka kora ya gaji rasit ɗin haya.

Mutum dai ba ya rasa son gidan kansa, kuma inda banki ya rufe ƙofa, 'yan damfara sukan buɗe taga. A Chicago cikin shekarun 1950 da 1960 aka yi wani salo da ya kamata a tsaya a dube shi da kyau. Dillali zai shiga unguwar fararen fata da ke dab da ta baƙaƙe, ya baza jita-jita cewa ga su nan tafe, gidanku zai faɗi warwas. Wani lokaci har mace baƙar fata ake biya ta riƙa tura keken jariri a layin don a gani. Masu gida su tsorata su sayar da araha. Bayan 'yan makonni dillalin ya sayar wa iyalin baƙar fata gidan a kan kusan ninki biyu, amma a bisa yarjejeniyar biya da kaɗan-kaɗan wadda takardar gida ke zama a hannun dillalin har sai an biya ƙwandalar ƙarshe. Kafin nan mai saye ba shi da komai a gidan, alhali gyara da haraji duk a wuyansa suke. Ya yi shekara goma yana biya, wata guda ya kuskure, sai a watso masa kaya waje, duk abin da ya biya ya bi ruwa, a sake sayar wa wani gidan da irin wannan sharaɗi. Don tsoron haka maigida zai kama aiki biyu, uwargida ta kama na dare, a saka 'yan haya a kowane lungu, yara su tashi babu mai sa musu ido. A 1968 mazauna unguwar North Lawndale suka haɗa ƙungiya suka yi yajin biya, wasu suka samu aka sassauta musu. Wani bincike da jami'ar Duke ta jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa wannan salo ya kwashe tsakanin dala biliyan 3 zuwa 4, da darajar kuɗin 2019, daga aljihun baƙaƙen Chicago.

Kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta sharaɗin launi a takardar gida tun 1948, amma dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje gaba ɗaya ba ta zo ba sai 11 ga Afrilu 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King. Kafin nan an riga an raba gari.

An kuma bi ta kan abin da baƙaƙen suka gina da kansu. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta kawo kuɗin tarayya don shimfiɗa tituna masu faɗi da za su ɗauko ma'aikaci daga sabuwar unguwarsa ta wajen gari zuwa ofis a tsakiyar birni. Ta ina za a bi da su? Ta inda ƙasa ke da araha kuma mazauna ba su da bakin magana. A Detroit aka share titin Hastings, zuciyar kasuwancin baƙaƙe, tare da unguwannin Black Bottom da Paradise Valley. A Miami aka tsaga Overtown, a Saint Paul aka tsaga Rondo.

Sannan aikin da ya kawo su tun farko ya tattara nasa ya nasa. Detroit ta rasa ayyukan masana'antu kimanin 134,000 tsakanin 1947 da 1963, tun kafin motocin Japan su fara ba Amurka ciwon kai. Chicago ta rasa kimanin 326,000 tsakanin 1967 da 1987. Masana'antu sun koma wajen gari, sun koma jihohin kudu inda ƙungiyoyin ƙwadago ba su da ƙarfi, daga baya suka tsallaka ƙasashen waje. Farar fata ma'aikaci shi ma ya ji jiki, amma yana iya sayar da gidansa ya bi aikin. Baƙar fata ba a sayar masa gida inda aikin ya koma, motar haya kuma ba ta kai wa can. A 2015 wata jaridar Detroit ta ba da labarin wani ma'aikacin masana'anta da ya yi shekaru yana taka kimanin mil 21 a ƙafa kowace rana, zuwa da dawowa, saboda motarsa ta mutu kuma bas ba ta kaiwa garin da yake aiki. Jama'a suka tausaya suka tara masa kuɗi, aka ba shi mota. Sauran masu irin matsalarsa ba su shiga jarida ba.

Masanin zamantakewa William Julius Wilson, wanda shi ma baƙar fata ne, ya daɗe yana cewa nan ne gizo ke saƙa. A ganinsa, unguwar da talakawa ke tashi da asuba su tafi aiki daban take da unguwar da aikin ya ɓace gaba ɗaya. Idan aiki ya tafi, mai shago ya rasa ciniki, coci ya rasa masu bayarwa, samari su rasa abin aure, yaro ya tashi bai san wanda zai ce masa ana ɗaukar ma'aikata a wuri kaza ba. Da dokar 1968 ta buɗe ƙofa kuma, malamai da ma'aikatan gwamnati baƙaƙe suka fice, wanda ba laifinsu ba ne, aka bar mafi rauni su kaɗai. Wannan tattaruwa ita ce ta bambanta talaucin baƙi da na fari. Idan ƙidaya ake yi, fararen fata matalauta sun fi baƙaƙe yawa a Amurka, amma yawancinsu a warwatse suke cikin masu hali. Wani bincike ya gano cewa kusan biyu cikin uku na yaran baƙaƙe da aka haifa tsakanin 1985 da 2000 sun tashi a unguwar da aƙalla mutum ɗaya cikin biyar matalauci ne. A cikin yaran fararen fata, kashi 6 ne.

Makaranta ce ya kamata ta zama tsani, sai dai ita ma an ɗaure ta da gida. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidajen yankin yake fitowa, kuma yaro yana zuwa makarantar unguwarsu ne. Gidaje masu daraja, makaranta mai kuɗi. Makaranta mai kyau kuma ta ƙara wa gidajen daraja. Kotun ƙoli ta samu dama biyu ta warware wannan ƙulli, duka biyun ta ƙi, da rinjayen alƙali guda. A 1973, a wata shari'a daga San Antonio, ta ce tsarin mulkin tarayya bai wajabta daidaita kuɗin makarantu ba. A 1974, a wata daga Detroit, ta ce ba za a tilasta wa garuruwan wajen birni su haɗa ɗalibai da na cikin birni ba. Ma'ana, duk wanda ya tsallake iyakar gari ya tsira da harajinsa. Detroit da ke da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950 ta dawo kimanin 639,000 a 2020, a tsakani kuma, a 2013, ta bayyana a kotu cewa ta tsiyace.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, yanzu ai kowa da ƙoƙarinsa. An gwada. A farkon shekarun 2000 wasu masana tattalin arziki biyu suka aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago. Takardun iri ɗaya ne, sunan kawai aka sauya: wasu da sunayen da aka san fararen fata da su, irin Emily da Greg, wasu da irin Lakisha da Jamal. Masu sunan farare sun fi samun kira da kashi 50. A Milwaukee, wata mai bincike, Devah Pager, ta tura samari su nemi aiki ido da ido. Farar fatar da ya ce ya taɓa zaman kurkuku, an kira shi a kashi 17 na wuraren. Baƙar fatar da bai taɓa laifi ba, kashi 14. Baƙin da ya ce ya yi kurkuku kuwa, kashi 5. A tuna kuma cewa dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986 ta sa hukuncin giram 5 na hodar iblis ta dunƙule, wadda ta fi yawa a unguwannin baƙaƙe, daidai da na giram 500 na ta gari, wadda masu hali suka fi sha. Sai a 2010 aka rage tazarar, ba a ma share ta ba.

Bankunan da suka ƙi shiga jajayen unguwanni kuwa, daga baya sun shiga, amma da wuƙa a hannu. Kafin rikicin gidaje na 2008 an bi baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da bashi mai tsananin ruwa, har da waɗanda suka cancanci mai sauƙi. Ma'aikatar shari'a ta tuhumi manyan masu ba da bashin gida biyu, Countrywide da Wells Fargo, kan haka. Aka sasanta a kan dala miliyan 335 a 2011 da miliyan 175 a 2012. Tsakanin 2005 da 2009 dukiyar iyalin baƙar fata na tsaka-tsaki ta faɗi da kashi 53, ta farar fata da kashi 16.

Akwai hujjoji biyu da masu musu ke kawowa, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce rushewar iyali, yara da yawa suna tashi babu uba a gida. Gaskiya ne hakan na da illa. Amma babban binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokansa suka fitar a 2018, wanda ya bi sawun yara kimanin miliyan 20, ya nuna giɓin yana nan ko da an kwatanta yaran da suka tashi da iyaye biyu, a layi ɗaya, da samu iri ɗaya. Cikin yara maza da suka tashi a gidajen masu kuɗi, kashi 39 na farare sun girma masu kuɗi, kashi 10 suka faɗa ƙasa. A baƙaƙe, kashi 17 ne suka riƙe matsayin, kashi 21 suka faɗa. Abin mamaki, tsakanin 'yan mata baƙaƙe da farare da iyayensu ke da samu ɗaya, kusan babu bambanci a abin da suke samu da suka girma. Gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma ɗa namiji ne ke zamewa, abin da ke nuna cewa a waje ake tare shi.

Ta biyu ita ce: me ya sa baƙi daga Afirka suke zuwa su yi fice, alhali fatarsu ɗaya? Ni ina ganin wannan kwatanci yaudara ce. Wanda ya samu bizar Amurka daga Legas ko Accra an riga an tace shi. Fiye da rabin 'yan Najeriya manya da ke can suna da digiri, abin da ya zarce na Amurkawa gaba ɗaya. Wata ƙasa ce ta ɗauki nauyin karatunsa, ya sauka da takardarsa a hannu, ya zaɓi unguwar da zai zauna. Kwatanta shi da wanda kakansa ya rasa gida a North Lawndale kamar haɗa tsere ne tsakanin wanda ya huta da wanda ya kwana yana tafiya.

Me aka gwada? A 1994 gwamnati ta yi wani gwaji a birane biyar, ta ba wasu iyalai da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a takardar tallafin haya da sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Da farko aka ce abin bai yi aiki ba, domin samun iyayen bai ƙaru ba. Sai da yaran suka girma aka ga cewa waɗanda suka tashi kafin su kai shekara 13 suna samun kusan kashi 31 fiye da takwarorinsu da aka bari. Matsalar ita ce ba za a kwashe gari guda ba, kuma unguwannin masu hali suna da dokokin gini da suka hana komai sai gidan iyali guda a fili mai faɗi, wato katanga ce da ba ta buƙatar siminti. Garin Evanston na jihar Illinois ya amince da shirin biyan diyya a 2021, dala 25,000 ga waɗanda wariyar gidaje ta shafa ko zuriyarsu, daga harajin tabar wiwi. Jihar Connecticut ta fara ajiye wa kowane jaririn da aka haifa cikin talauci dala 3,200 daga Yulin 2023, ya karɓa da ribarsa idan ya girma. A shekarar ce kuma kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launi wajen ɗaukar ɗalibai, wanda ya sa duk wani shiri da ya ambaci launi a fili yanzu yana jiran sammaci. Na Evanston ma an riga an kai shi kotu.

Katangar Detroit tana nan ba a rushe ta ba. Fararen da aka gina ta dominsu sun daɗe da tsallaka Eight Mile zuwa wajen gari, yanzu baƙaƙe ne a ɓangarorin biyu. A 2006 masu zane da mutanen unguwa suka yi wa sashen da ya bi ta filin wasan yara fenti, da hoton Rosa Parks, 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, da na yara suna hura kumfa. A 2021 gwamnatin tarayya, wadda hukumarta ce ta sa aka gina katangar, ta shigar da ita cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa.